Nomau da Maganar Fatar Baki

A Gangaren Ɗinya, can ƙarshen gari inda burtali ya gangara rafi, akwai wata mai daddawa ana ce mata Tasalla. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta a sashensa na gidan gado, ƙarƙashin ƙanensa Malam Haladu, wanda shi ne maigida yanzu. 'Ya'ya shida ta haifa. Huɗu Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana, ɗaya tana aure a nesa, sai autanta Nomau da ya rage a gabanta.

Nomau ya ba shekara talatin baya. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ba ya sata, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. In ka ba shi garma, kunyar da zai ja sai ka rantse da igiya aka auna ta. Abu ɗaya ne dai. Duk abin da ya fito daga bakin mutum, Nomau yakan ɗauke shi yadda ya fito, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ba ya zubarwa ba ya ƙarawa. Ita kuwa magana kowa ya sani iri biyu ce. Akwai wadda ake yi don a aikata, akwai ta fatar baki, wadda ake yi don zama ya yi daɗi kawai. Sauran mutane tun suna rarrafe suke fara rarrabe su, ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Shi Nomau har ya yi gemu bai rarrabe ba.

Ba dariyar da ake yi masa ce ke damun Tasalla ba, ta saba da ita. Abin da ke cin ranta maganar da Malam Haladu ya fara yi ce, wai akwai wani malami a ƙetaren gulbi da ake kai masa masu irin wannan lalura, ya riƙe su shekara ɗaya ko biyu. Tasalla ta san wurin da labari. Ta san marin ƙarfe ake sa musu a ƙafa. Kuma ta san in Haladu ya yanke, mace mai zaman gidan gado ba ta da bakin hanawa. Shi ya sa in ta idar da salla ba ta roƙon Allah ya mai da ɗanta mai wayo. Abin da take cewa shi ne, “Ya Rabbi, ka bar min shi inda idona zai gan shi.”

Wata rana ta aike shi kasuwar Laraba ta garin gaba ya sayo mata kalwa wajen Alhaji Sallau mai awo, wanda aminin Malam Haladu ne. Aka auna, aka ɗora masa buhu a ka. Zai juya sai Alhaji ya ce, “To Nomau, ka gaishe min da mutanen garinku.”

Nomau ya tsaya. “Duka?”

“Duka mana,” in ji Alhaji, idonsa na kan mudu. “Kowa da kowa.”

Da azahar ya iso gari. Bai nufi gida ba, sai ya fara daga gidan farko na bakin hanya, buhu na kansa.

“Salamu alaikum! Alhaji Sallau mai awo yana gaishe ku.”

“Muna amsawa,” in ji wata murya daga ciki.

“Ke kaɗai na ji. Ku nawa ne a gidan?”

Haka ya yi ta bi, gida gida, har da masu wanki a rafi da mai kiwon da ya hango kan tudu. Ita kuwa Tasalla ta ɗora ruwan dafa kalwa tun hantsi. Ya tafasa ya ƙone, ta ƙara wani, shi ma ya bi sahu, itacen kwana uku ya zama toka. Sai da rana ta yi ja sannan ya shigo, wuyansa ya sanƙare, fuskarsa fal farin ciki.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Laraba ta zagayo, Nomau ya koma kasuwa, ya tsaya gaban rumfar Alhaji cike da mutane, ya kawo bayanin aike.

“Na isar, Alhaji. Kowa ya amsa ban da mutum biyu. Jaririyar gidan wanzami, ita ba ta fara magana ba. Sai Baffa Haladu. Shi barci na tashe shi, ya ce in tafi can da gaisuwar taka, ba ya so.”

Washegari sai da Malam Haladu ya hau keke da ƙullin goro ya je ba da haƙuri. Da ya dawo ya tsaya ƙofar sashen Tasalla, ko zama bai yi ba. “Yaya Tasalla, kin dai ji. Ina ƙirgawa.”

Wata rana kuma Nomau ya bi ta maƙera, ya tarar da maƙeri da baƙonsa sun sa ɗan kwanon ɗanwake a gaba, wanda ko mutum ɗaya ba zai ƙosar ba. Maƙeri ya ɗaga kai ya ce, “Nomau, bismillah.” Nomau ya ajiye fartanya, ya wanke hannu, ya zauna. Loma huɗu ya yi kwano ya koma fes. Ya yi godiya mai kyau ya tashi, ya bar baƙo riƙe da tsinke.

Da labari ya zo gida Tasalla ta zaunar da shi. “Auta, wannan bismillar ba kira ba ce, tayi ne. Mutum ba ya cin abinci wani na wucewa bai yi masa tayi ba. Kai kuma naka ladabin, ka ce alhamdulillahi, ka wuce.”

“In ina jin yunwa fa, Inna? Na yi ƙarya ke nan.”

“Ba ƙarya ba ce. Ko da yunwa ana gode wa Allah.”

Ya juya maganar a ransa. Can ya ce, “Shi ya san ba zan ci ba. Ni na san ba ya so in ci. To me ya sa ba za mu yi shiru mu duka ba?”

Shekara sittin Tasalla tana yin tayi ana yi mata, ba ta taɓa tambayar kanta ba. Sai da ta gama bakace ta zo tana kwashe dusa sannan amsar ta zo mata. “Don in ya yi shiru, ya mai da kai kututture ke nan. Tayin cewa yake yi na gan ka, mutum ne kai.”

“To,” in ji Nomau. “Na riƙe.”

Ya kuwa riƙe. Bayan kwana goma Malam Haladu ya kira gayya a gonarsa, maza wajen ashirin suka fito da makaɗi. Nomau ne a gaba tun fitowar rana, ba wanda ya kamo shi. Da rana ta take tsaka mata suka kawo tuwo da fura, aka sauke ƙarƙashin ɗorawa. Malam Haladu ya ce, “Jama'a, bismillah.”

“Alhamdulillahi,” in ji Nomau, ya koma gefe ya zauna.

“Kai Nomau, bismillah mana!”

“Alhamdulillahi!”

Wannan ya ce bismillah, wancan ya ce bismillah, shi kuwa yana ƙara ɗaga murya da godiya, cikinsa na kuka. Cikin mutum ashirin ba a sami wanda ya tuna ya ce masa zo ka ci kawai ba, don kowa kalmar da ya gada ke nan. Aka cinye aka koma aiki. Kafin la'asar Nomau ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar kunya, sai a amalanke aka kawo shi gida. Kafin magariba magana ta gama gari, wai Haladu yana aikatar da marayan wansa kamar jaki, ko fura ba ya ba shi.

Ranar nan Tasalla ba ta jira Haladu ya zo ba, ita ta je ta durƙusa. “Laifina ne, Malam, ni na koya masa.”

“Abin da nake faɗa ke nan,” in ji Haladu. “In an koya masa ɓarna, in ba a koya ba ɓarna. Wannan ya fi ƙarfinki.”

Wata rana aka turo sabon malamin firamare, mai koyar da Turanci, sunansa Malam Sabi'u. Mota ta sauke shi bakin hanya da akwati da katifa, Nomau ya kwashe duka a tafiya ɗaya ya kai masa ɗakin da aka ba shi bayan makaranta. Malam ya ji daɗi ya ce, “Na gode ƙwarai, ɗan'uwa. Ɗakin nan naka ne, ka ɗauke shi kamar ɗakinka.”

Kashegari da Malam ya taso daga aji, ya tarar da teburinsa a waje. A ciki ga tabarmar Nomau, ga butarsa, ga garma a jingine. Littattafansa duk an zuba su a buhu an rataye a jikin azara. Shi kuwa mai ɗakin yana bisa soro da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana toshe inda ke yoyo.

“Me ya faru da littattafaina?”

“Gara,” in ji Nomau daga sama. “Ɗakina akwai gara. Teburin kuma ya tare min alƙibla.”

Malam Sabi'u mutum ne mai sanyin hali. Ya jira aka gama yaɓe, sannan ya ɗauko tabarmar da kansa ya rako Nomau gida. Tasalla na ganinsu ta fara ba da haƙuri tun bai gama sallama ba.

“Iya, bar ba ni haƙuri,” in ji shi. Ya tsuguna bakin ƙofa. “Wallahi yau ɗanki ya ba ni karatu. Shekara bakwai ina gaya wa yara cewa Turawa mutane ne masu bauɗaɗɗiyar magana. Kalma ta fuskanci gabas, ma'anarta ta yi yamma. Suna da irin waɗannan maganganu har littafi guda, sai dai mutum ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, ya san inda ake faɗar kowace. Ni a zatona namu harshen a miƙe yake kamar sanda. To a hanyar nan da muka taho na bi bakina na yau. Na ce wa mutum uku ina zuwa, alhali tafiya nake. Na ce wa hedimasta ba komai, alhali akwai komai. Na ce wa mai shayi sai na leƙo, ban kuwa da niyya.”

Tasalla ta matso. Abu ɗaya ta ji cikin duk maganar. “Malam, ka ce na Turawa akwai littafinsa. Na Hausa fa? In akwai, ko akuyata ce sai in sayar, ka riƙa karanta masa.”

Malam ya girgiza kai. “Ko akwai ba zai wadatar ba, Iya. Magana ɗaya ce, yau da gaske, gobe tayi. Namu a fuskar mai magana yake a rubuce.”

Bayan ya tafi ta daɗe zaune da faifai a cinya. Ta ga ashe abin da take nema ta cusa wa ɗanta ba abu ne mai baki da iyaka ba. Duk da haka uwa ba ta zama haka nan. Ta kira shi ta ce, “Auta, daga yau in mutum ya gaya maka magana, kafin ka aikata ka dubi fuskarsa. A nan za ka ga ko da gaske yake.”

Wata rana an fito sallar la'asar, Liman ya ba shi hannu ya ce, “Nomau, kwana biyu. Ka riƙa leƙo mu mana.” Nomau bai saki hannun ba. Ya matso, ya sunkuyo, har hancinsa ya kusa taɓa na Liman, ya ƙura ido ko ƙiftawa babu.

“Lafiya, ɗan nan?”

“Inna ta ce a rubuce yake.”

“To me ka gani?”

“Furfura da gumi,” in ji Nomau. “Sai wani ɗan ƙurji nan gefe.”

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Amma ba kowa ne Liman ba. Kwana uku Nomau yana bin fuskokin mutane da kallo, a rijiya, a masallaci, a bakin kasuwa. Mata suka fara janye 'ya'yansu in ya doso. Aka fara raɗe-raɗin ba wauta ba ce, iska ce ta shafe shi. Tasalla ta hana shi kallon, amma raɗar ta riga ta tsallaka katanga ta shiga kunnen Haladu.

Wata rana, saura kwana huɗu Babbar Salla, Alhaji Sallau ya kawo ziyara. Malam Haladu yana da wani farin rago mai baƙin kunne, wata goma yana turke yana cin dusa da harawa, shi ya tanada don layya. Nomau na tsugune yana ba shi ruwa suka fito rakiya. Alhaji ya tsaya ya shafa bayan ragon.

“Tubarkalla! Haladu, wannan ai sa ne ba rago ba.”

Haladu ya ji daɗi, baki har kunne. Ya faɗi abin da kowane mai mutunci ke faɗa in an yaba kayansa. “Ai naka ne, Alhaji. In ya yi maka, a kai maka.”

“Ya yi min mana,” in ji Alhaji yana dariya. Suka wuce.

Da asuba ta yi aka fito masallaci, turke wayam. Haladu ya yi cigiya, ya tara matasa za su bi sawu, sai ga Nomau ya dawo da hantsi, igiya a kafaɗa, ƙafafu buɗu-buɗu. Bayansa ga ɗan aiken Alhaji a kan babur, ɗauke da turmin atamfa na tukuici da saƙon godiya. Wai Alhaji ya ce tun da yake bai taɓa ganin amini irin Haladu ba, ya tara maƙwabta ya nuna musu ragon, har limaminsu ya yi wa Haladu addu'a a bainar jama'a.

To ina bakin cewa a dawo da shi? Haladu ya karɓi atamfa, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce a gaida Alhaji. A wannan shekarar, da ɗan bunsuru ya yi layya. Tasalla kuwa ko naman ba ta iya haɗiyewa ba, don ta san an zo wurin.

Ranar Juma'a bayan salla Haladu ya zo sashenta. Wannan karon ya zauna, kuma zaman ya fi tsayuwar tsoratar da ita. Nomau na gefe yana surfa mata kalwa a turmi.

“Yaya Tasalla, gobe Asabar motar ƙetare za ta biyo da hantsi. Ki haɗa masa kayansa.” Ya sauke murya. “Wallahi ba da son raina ba ne. Ɗan wana ne, jinina ne. Wallahi ni ba na so. Jama'ar gari ne suka gaji.”

Tasalla ba ta yi gardama ba. Ta ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Da ya fita ta shiga ɗaki ta ninke riguna biyu, ta ƙulle daddawa da ɗan yaji a tsumma, ta tsaya tana kallon ƙullin. Ta so ta ja wa ɗanta kunne kan zaman can, ta rasa da wace magana za ta fara wadda ba za ta zame masa wata masifar ba. Daga ƙarshe abin da ta iya cewa shi ne, “Auta, gobe za ka yi tafiya da Baffanka. Ba a barin gari ba sallama. Je ka sallami mutane.”

Ya tafi. Daga baya ne ta ji yadda aka yi. Duk gidan da ya shiga ya ce gobe za a kai shi ƙetare, sai jikin mutane ya yi sanyi, su faɗi abin da ake faɗa wa mai tafiya. “Ayya, Nomau! Wallahi ba mu so ba. Da mu ke da iko ba inda za ka.” Shi kuwa sai ya ce, “To gobe da hantsi ka zo bakin hanya ka gaya wa Baffa, shi yana zaton kun gaji.” Su ce, “To, in Allah ya kai mu,” su koma sabgarsu.

Gari ya waye. Tasalla ta ɗauki ƙullin ta bi bayan Haladu zuwa bakin hanya, carbi na hannunta. Nomau tun da aka fito masallaci ba a gan shi ba. Rana ta ɗaga, mota ta iso ta tsaya, direba ya kashe ta ya leƙo.

“Kin gani ko?” in ji Haladu. “Ya gudu. Ke kika…”

Bai ƙarasa ba. Daga cikin gari sai ga Nomau riƙe da hannun maƙeri, maƙeri da guduma a ɗaya hannun, ko ajiyewa ba a bar shi ya yi ba. Bayansu ga wanzami da zabirarsa, ga Liman, ga Malam Sabi'u da alli a yatsu, ga tsofaffin mata suna jan zane, har da waɗanda suka riƙa janye 'ya'yansu. Ashe gida gida ya bi yana cewa, “Ka ce in Allah ya kai mu. Ga shi ya kai mu. Taso.” Wanda ya ce yana da aiki, Nomau ya tsaya masa a ka har sai ya tashi.

Ya jera su gaban Haladu, ya share gumi.

“Baffa, ga su. Ka ce su ne suka gaji. Na tambaye su ɗaya ɗaya, kowa ya ce wallahi ba ya so in tafi.” Ya juya wajen jama'a. “Shi ma Baffa ya ce wallahi ba ya so. Inna ba ta so, na ji ta tana kuka a sujada. Ni ma ba na so.” Ya ware manyan hannayensa, da gaske yake tambaya, ba gatse ba. “To wa ke so? Ku nuna min shi in sallame shi, kada in tafi ban sallame shi ba.”

Tasalla ta sunkuyar da kai. Ta san abin da aka gaya wa ɗanta jiya fatar baki ce, ita kanta ta sha faɗa wa matafiya irinta. Jira kawai take wani ya yi dariya, a watse, a tura shi mota. Ta ga wanzami na kallon ƙasa, ta ga wata na gyara ɗaurin kallabin da bai kwance ba. Kowa na jiran wani ya ce ni ne, ba wanda bakinsa ya iya ɗauka.

Maƙeri ne ya fara gyaran murya. “Ni dai jiya da na faɗa, ban yi tunani ba, bakina ne ya faɗa.” Ya juya gudumar a hannunsa. “Yanzu na yi tunanin. Ba na so.”

“Ni ma haka,” in ji Malam Sabi'u.

Wata tsohuwa ta ce, “Yo mu da muka ce mun gaji, ai irin gajiyar da ake yi da ruwan sama ce. Wa ya ce a ɗauke shi?”

Liman ya dubi Haladu. “Malam Haladu, jiya dukanmu mun ambaci sunan Allah a kan maganar nan. Tayin abinci daban, rantsuwa daban. Ita ba a yin ta don zama ya yi daɗi. Kai ma ka ce wallahi?”

“Sau biyu,” in ji Nomau.

Haladu ya dubi jama'ar da ya jingina da su, ya ga ba kowa a bayansa, ya dubi ɗan wansa da ke tsaye yana jiran a nuna masa wanda zai sallama. Direba ya danna oda.

“Malam, rana na yi! Wa ke tafiyar ne?”

Haladu ya cire hula ya sosa kai ya mayar. “Je ka abinka,” ya ce. “Babu.”

Mota ta tashi. Tasalla ta zauna nan kan ƙullin kayan, tana motsa baki ba a jin abin da take faɗa. Da ta samu ta miƙe, ta dubi mutanen da suka fara juyawa, kunya da godiya suka cika ta, bakinta ya suɓuce da abin da ya saba.

“Na gode, jama'a. Ku biyo gida ku sha ruwa mana.”

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Nomau ya riga ya sha gabansu ya ware hannuwa kamar mai kora tumaki. “Kun ji Inna. Ta nan ne hanya.”

Suka dubi juna. Liman ya fara yin gaba yana dariya, sauran suka bi. Mutum wajen arba'in suka cika sashen Tasalla har zaure, ita kuwa geron da ke gare ta bai fi na furar mutum biyar ba. Tana tsaye gaban turmi tana tunanin yadda za ta yi, sai ta ji motsi ta kan katangar da ta raba su da maigida. Ƙwarya ce babba cike da gero ake miƙowa, ba sallama ba magana, hannun Haladu kawai ta gani.

Ta karɓa da hannu biyu, ta juye a turmi, ta miƙa wa Nomau taɓarya.

“Daka, Auta,” ta ce. “Wannan da gaske nake.”